An Ba Ka Gurbin Karatun Harshe a Jami'a: Ka Karɓa ko Ka Sake Zama JAMB?

Waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba, ga rubutun nan kamar yadda aka saba.

Tun da aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, saƙonni iri biyu ke shigo mini. Na farko daga waɗanda suka nemi Lauya ko Aikin Jarida, sai jami'a ta tura su sashen Faransanci, ko Larabci, ko Hausa, ko Kimiyyar Harshe, suna tambaya su karɓa ne ko su haƙura su sake zama jarrabawa baɗi. Na biyu kuma daga wasu ƙannenmu da Japan ta shiga ransu, wasu saboda zane mai motsi da suke kwana kallo, su Naruto da One Piece, wasu kuma saboda sun ji an ce ana neman ma'aikata a can. Su tambayarsu ita ce a ina ake koyon Japananci, kuma yana ciyar da mutum? Na ga tambayoyin biyu gida ɗaya suke kwana, shi ya sa na haɗa su yau.

Mu fara faɗa wa juna gaskiya. A jami'o'inmu sashen harsuna ya zama wurin da ake zuba wanda makinsa bai kai ba. Yaro ya shiga yana jin kunyar faɗin kwas ɗinsa, ya yi shekara huɗu yana haddace takardun malami, ya fito da digirin Faransanci amma in ka ajiye shi a tashar Maraɗi ba zai iya cinikin ɗakin kwana ba sai da Hausa. Idan uba ya tambayi ɗansa, "To in ka gama me za ka yi da shi?" kada ku ce tsohon bai waye ba. Shi zai sayar da buhunan masararsa ya biya kuɗin rajista, yana da haƙƙin ya ji amsa.

Kafin in zo kan amsar, bari in tuna muku wani abu da ya faru a watan Agustan 2025. An yi taron TICAD karo na 9 a birnin Yokohama, wato taron da Japan ke yi da ƙasashen Afirka tun 1993. A gefen taron hukumar JICA, mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje, ta haɗa birane huɗu na Japan da ƙasashe huɗu na Afirka don zumunci da musayar ziyara: Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Ghana, Imabari da Mozambik. Sai sanarwa ta fito daga ɓangaren gwamnatinmu cewa za a ƙirƙiro biza ta musamman don matasan Najeriya su je Kisarazu su zauna su yi aiki. Kun tuna yadda waya ta ɗauki zafi. Har wasu sun fara tambayar kuɗin jirgi. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu maganar biza ko ɗaya a cikin shirin, mutanen biranen suka tayar da ƙura a kan hukumominsu, kafin ƙarshen watan Satumba JICA ta janye shirin gaba ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai game da wannan labari shi ne, duk bayanin gaskiya yana nan a rubuce, magajin garin Kisarazu ma ya fitar da nasa bayanin da harshensu. Amma mu miliyoyi muna ta cacar baki a kan fassarar fassara. A cikin duk masu sharhin da suka cika mana kunne da Hausa a makon nan, mutum nawa ne zai iya buɗe shafin birnin ya karanto mana abin da aka rubuta? A irin wannan duhun ne dillalan biza ke cin kasuwarsu.

To, shi Japanancin, yaya yake?

Ga wani albishir da ba kasafai ake faɗa wa Bahaushe ba: ta fuskar furuci, kai ka fi Bature sa'a nesa ba kusa ba. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu. Kuma kamar yadda jan wasali ke canza ma'ana a Hausa, haka yake a wurinsu. Kai da ka san bambancin garin Kano da garin tuwo tun kana goye, ba za ka sha wahalar raba "obasan", wato inna ko gwaggo, da "obaasan", wato kaka mace, ba. Suna ninka baƙi kamar yadda muke yi. Mu muna da daba da dabba, su suna da "kite", ka zo, da "kitte", kan sarki na wasiƙa. Sannan hawa da saukar murya na raba musu kalmomi. "Ame" ruwan sama ne, "ame" kuma alewa ce, "hashi" gada ce, "hashi" kuma tsinken cin abincinsu ne, muryar ce kawai ke bambantawa. Ɗalibin Ingila sai ya yi wata da watanni kunnensa bai kama wannan ba. Kai kuwa da ke raba wuyan riga da wuyar rayuwa, ko kukan yaro da miyar kuka, ba tare da ka tsaya tunani ba, ai gida ka zo.

Har yadda suke aron kalma irin namu ne. Bakinmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muka mayar da kalmomin Turanci burodi da asibiti da sukudireba. Su ma haka, tebur a wurinsu "teeburu" ne, McDonald's kuwa "Makudonarudo". Akwai ma wani abu da ya fi wannan ba ni sha'awa. A Hausa "s" na komawa "sh", "t" na komawa "c" in "i" ko "e" ta biyo baya, shi ya sa muke cewa sata amma sace, fasa amma fashe. A Japananci ma "s" da "t" haka suke yi gaban "i": "hanasu", yin magana, ya koma "hanashimasu".

Nan sai in ja kunne, domin na san halin mutanenmu. Kada wani ya yanki wannan ɓangaren ya watsa cewa an gano Japanawa Hausawa ne. Na ga masu irin wannan rubutun, wai ga Kano a Najeriya ga Kano a Japan, wai ga Edo a nan ga Edo a can. E, wanda ya ƙirƙiro wasan judo a 1882 sunansa Kano Jigoro, kuma tsohon sunan Tokyo shi ne Edo. "Goma" ma kalma ce a wurinsu, amma riɗi take nufi. Duk dacewa ce kawai. Hausa 'yar dangin harsunan Cadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Amharik da harsunan Buzaye. Japananci danginsa daban. Harsunan da ke gina kalma da gajerun gaɓoɓi dole su riƙa yin karo da juna a sauti.

Nahawunsa ma ba dodo ba ne, sai dai a juye yake. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Inda za ka ce "na sha ruwa", su "ni ruwa sha" za su ce, da wasu ƙananan kalmomi da ke manne wa suna su nuna wane ne ya yi, me aka yi wa. Babu namiji da mace a kalmominsu, ba ruwanka da "ya" da "ta". Jam'i ma galibi ba sa yi. Ka tuna baƙon da ke koyon Hausa sai ya haddace gida gidaje, jirgi jirage, ƙasa ƙasashe, tulu tuluna, ka ga a nan mu ne masu wahalar da mutane. Abin da zai ɗan ja ka shi ne harshen girmamawa da suke kira "keigo", inda aikatau kansa ke canzawa in da babba kake magana. Amma yaron da aka rena da ce wa mahaifinsa "ku", wanda ya san ba a kiran sunan suruki, ya riga ya san dalilin abin, siffofin kawai zai haddace.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu. Iri uku suke haɗawa a jimla ɗaya. Akwai hiragana mai alamomi 46, akwai katakana ita ma 46, wadda da ita ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi, sunanka ma da ita za a rubuta. Waɗannan biyun mai himma zai gama da su cikin 'yan makonni, wanda ya yi karatun allo ma ba zai ga abin tsoro ba. Sai kanji, alamomin da suka aro daga Sin. Jerin da gwamnatinsu ta amince da shi don amfanin yau da kullum, wanda aka sabunta a 2010, alamomi 2,136 ne. Yaron Japan yana koyon 1,026 a shekara shida na firamare. Kuma alama ɗaya tana iya samun karatu biyu ko fiye. Wannan 山 dutse ce, ita kaɗai a karanta "yama", amma a sunan dutsen Fuji sai ta koma "san". Ba dabarar da za ta tsallakar da kai wannan, sai zama da biro da takarda kullum.

Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Japananci a rukunin mafi wuya, tare da Larabci da Sinanci da harshen Koriya. Lissafinsu mako 88, kimanin awa 2,200 a aji. Faransanci kuwa awa 600 zuwa 750. Wannan lissafi don masu Turanci aka yi shi, amma ya ishe mu ma'auni. In awa ɗaya kake ba shi kullum, ba fashi ko ranar sallah, shekara shida ke nan. In awa biyu, shekara uku.

Yanzu ku ɗauki wannan ku auna da yadda jami'a ke koyarwa. Kwas mai awa uku a mako, zangon karatu mako 15, awa 45 ke nan, in ba a shiga yajin aiki ba. Zango biyu, awa 90. Wanda ya ɗauki Japananci a matsayin kwas na zaɓi na shekara ɗaya zai fito ya iya gaisuwa, ya iya karanta hiragana, ya iya cewa sunansa wane. Ba laifi ba ne, ƙofa ce aka buɗe masa. Amma kada ya rubuta a takardar neman aiki cewa yana jin Japananci.

A Najeriya Jami'ar Abuja ta fara koyar da shi, kuma ina yaba musu. A nahiyar nan wadda ta daɗe a harkar ita ce Jami'ar Alƙahira, da ta buɗe sashen Japananci tun 1974. Ka lissafa shekarun da Misirawa suka yi suna yaye masu fassara da masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora da malaman harshen. Duk inda ka koya kuma, a aji ne ko a waya, abin da duniya ke tambaya shi ne jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984. Matakai biyar ne, daga N5 na ɗan koyo zuwa N1. Ana yin ta a Yuli da Disamba, wasu ƙasashen sau ɗaya a shekara. Kamfanonin Japan galibi daga N2 suke fara ɗaukar mutum da muhimmanci. Bizar ma'aikata masu sana'a da suka buɗe a Afrilun 2019, ta fannoni irin su kula da tsofaffi da gine-gine da noma, tana neman aƙalla N4 ko makamanciyarta, haɗe da jarrabawar sana'ar kanta. Don haka duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya kai ka aiki Japan ba tare da ka iya ko gaisuwa ba, riƙe kuɗinka.

Hanyar da na fi so matasanmu su sani ita ce tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake bayarwa tun 1954. Ta ofishin jakadancinsu ake nema, kuma ba a biyan ko kwabo don cike takardar. Suna biyan kuɗin makaranta da na jirgi, da alawus na wata sama da yen dubu 100. Mai digirin farko ana fara ba shi shekara guda cur ta koyon harshe, a Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokyo ko a Jami'ar Osaka, kafin ya shiga kwas ɗinsa. Gasar tana da zafi, guraben kaɗan ne, akwai rubutacciyar jarrabawa da ganawa. Amma abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin 'yan ajin ƙarshe na sakandare a garuruwanmu ko sunan ba su taɓa ji ba. Akwai kuma shirin ABE da aka sanar a taron TICAD na 2013, na digiri na biyu da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Shi da Turanci ake karatun. Sai dai ko da Turanci kake karatu, ranar da ka shiga kanti kana juya leda kana neman ko akwai naman alade ko giya a cikin abin da za ka ci, ranar za ka san amfanin kanji. Wannan 豚 ita ce alade, Musulmin da zai je can ya fara da ita.

Me ya sa suke neman mutane? Yawansu raguwa yake yi. Sun kai kusan miliyan 128, yanzu sun yi ƙasa da miliyan 124, kuma kusan kashi 29 cikin 100 sun kai shekara 65 ko sun haura. Amma labarin Kisarazu ya nuna mana cewa buƙatar ma'aikata daban, son baƙi daban. Mai shirin tafiya ya san da wannan.

Ni kam abin da ya fi jan hankalina game da Japan da harsuna ba maganar tafiya can ba ce. Tarihinsu ne na yadda suka yi amfani da harsunan wasu. Sama da shekara 200 ƙasar tana rufe, Turawan da aka bari su yi ciniki su ne 'yan Holan kawai, su ma a wani ɗan tsibiri da ake kira Dejima a Nagasaki. Ta wannan 'yar kafar wasu likitoci, Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku da abokansu, suka samu littafin sassan jikin ɗan Adam da harshen Holan. Suka je inda ake feɗe gawar wanda aka yanke wa hukuncin kisa, suka ga abin da ke littafin ya fi dacewa da abin da idonsu ya gani a kan littattafan da suka gada. Harshen ba su iya shi sosai ba, ƙamus na kirki babu, amma suka zauna shekara uku suna fama har suka fitar da fassararsa a 1774. Inda babu kalma a harshensu suka ƙirƙira. Kalmar da Japanawa ke kiran jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa da ita har gobe, "shinkei", daga wannan aikin ta fito.

Sai Fukuzawa Yukichi, wanda ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Keio, wanda hotonsa ya daɗe a kan takardar yen dubu 10. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon harshen Holan. A 1859 ya je Yokohama, inda baƙi suka fara sauka, ya tarar ko allunan shaguna ba ya iya karantawa, domin duniya ta koma Turanci. Bai zauna yana kukan shekarun da ya ɓata ba, ya sake ɗaukar Turanci daga farko. Bayan sauyin mulki na 1868 irinsu ne suka juye ilimin Turai zuwa Japananci, lissafi da likitanci da shari'a da falsafa, suna ƙera kalmomi. Waya suka kira ta "denwa", wato maganar lantarki. Sakamakon shi ne yau ɗan Japan yana iya karanta injiniyanci ko likitanci da harshen uwarsa. Maskawa Toshihide, da ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2008, da Japananci ya gabatar da laccarsa a Sitokholm, bayan ya faɗa musu cewa shi bai iya Turanci ba.

Mu ma fa mun taɓa kama wannan hanya. Hukumar Fassara da ta zauna a Zariya a shekarun 1930 aikinta ke nan. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabci da littattafan Turai da na Gabas ya mayar da su Hausa a Magana Jari Ce, har yaro ya karanta ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Kafin shi Nana Asma'u tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana juya abu daga wannan zuwa wancan don matan karkara su samu. Yau ɗalibi nawa ne a sashen harsuna aka taɓa ce masa aikin kammala digirinsa shi ne ya fassara littafin noma ko na kiwon lafiya daga Faransanci zuwa Hausa?

Kuma su waɗannan mutane suna karantar mu. Jami'ar Tokyo da na ambata tana da cibiyar binciken harsuna da al'adun Asiya da Afirka tun 1964. Wani malaminta, Matsushita Shuji, ya yi shekaru yana aiki a kan karorin Hausa da harshen Gwandara. Jami'ar Osaka tana ba da digiri a Swahili. Ana koyar da Hausa a Beijin, da Jami'ar Hankuk ta Koriya ta Kudu, da Warso, da Hambug, da Faris. Rediyon Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, shekara shida kacal bayan BBC ta fara nata a 1957. Kuna jin 'yan Sin ɗin nan da ke karanta labarai da Hausa har da karin magana. Ba don suna ƙaunar tuwo ba ne gwamnatinsu ta kashe kuɗi ta koya musu. Sun san mai jin harshenka ya san farashinka.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata. Riɗin nan daga gonakin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yake fitowa, ya bi ta Maigatari da Dawanau. Tsakanin manomin Gumel da kamfanin da ke matse man a Japan akwai hannaye da yawa, kowane hannu da rabonsa, kuma rabo mafi tsoka yana wurin wanda ke iya magana da mai saye, ya karanta ƙa'idojinsu na ragowar maganin ƙwari, ya amsa wasiƙarsu. Yarinyar da ta karanta Noma ko Kasuwanci ta haɗa da N2, a wannan layin take da wurin zama, ba sai ta bar ƙasar ba.

Sauran harsunan ba sai na daɗe a kansu ba, domin amfaninsu a fili yake. Duk maƙwabtanmu huɗu, Nijar da Cadi da Kamaru da Benin, da Faransanci aka gina takardun gwamnatinsu. Ko da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, Faransanci na nan a matsayin harshen aiki. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin tafkin Cadi kullum suna neman mai Hausa ko Barbarci da Faransanci da Turanci a baki ɗaya. Larabci kuwa mun fi kowa gata a kansa, sai dai da yawa sun iya na littafi, ba su iya na rubuta wasiƙar kasuwanci ko fassara a asibiti ba. Sinanci, je Kantin Kwari ka tambayi masu zuwa Gwanzu nawa suke biyan tafinta, kuma sau nawa suka yi zargin tafintan ya haɗa baki da mai kaya. Amma cibiyoyin Confucius guda biyu da aka fara buɗewa a ƙasar nan, ɗaya tana Awka ɗaya tana Legas. Jamusanci da Rashanci sai ka gangara Ibadan ko Nsukka, harshen Fotugal sai Ife. Tallafin karatun Turkiyya ma da shekarar koyon Turkanci yake farawa.

To, kai da aka ba ka gurbin harshe, ga abin da nake gani. In zuciyarka na kan Likita ko Injiniya, makinka kuma kaɗan ya rage, gida za su iya ɗaukar nauyin shekara guda, sake zama ba abin kunya ba ne. Amma in wannan ne zama na biyu ko na uku, ko Lauya ka nema don kawai sunan, ni shawarata ka karɓa, da sharaɗi. Kafin ka biya kuɗin rajista, je sashen da ƙafarka. Nemi 'yan aji huɗu, ka roƙi ɗaya ya yi maka hira ta minti biyar da abokinsa da harshen. Abin da kunnenka ya ji shi ne abin da za ka zama in ka tsaya iya aji. Tambaye su ko ana tura su shekarar zama cikin harshen, domin don haka aka kafa Ƙauyen Faransanci na Badagry a 1991, da Ƙauyen Larabci na Ngala a Borno, wanda rikici ya sa ya koma aiki daga Maiduguri. Tambayi nawa ake kashewa a wannan shekarar, don kada ta zo wa iyayenka ba shiri.

In ka shiga, ka sa a ranka cewa takardar digiri ba ita za a gwada ba, bakinka za a gwada. Nemi jarrabawar da duniya ta sani ka ci kafin ka gama, DELF ga mai Faransanci, HSK ga mai Sinanci, JLPT ga mai Japananci. Sannan ka rataya wa harshen wata sana'a: lissafin kuɗi, aikin jarida, harkar fitar da kaya, kwamfuta, aikin lafiya. Masu ɗaukar aiki ba su cika neman wanda ya iya Faransanci kawai ba, akawu suke nema wanda ya iya Faransanci. Ke kuma 'yar uwa da ake ce wa ki karɓa kawai ai koyarwa za ki yi, koyarwa ba abin rainawa ba ce, amma ki sani fassara aiki ne da ake yi daga ɗaki da kwamfuta, ana biyan wasu da kuɗin waje. Wanda kuma aka ba shi Hausa yake jin kamar an zage shi, ya dubi gidajen rediyon duniya nawa ke ɗaukar ma'aikatan Hausa, ya dubi masu fassara finafinan Indiya da suka mayar da abin masana'anta a Kano. Sharaɗin dai ɗaya ne, ka iya rubuta ta daidai, da ƙa'idojinta, ka kuma haɗa ta da wani harshen.

Ga masu Japananci, kada ku jira sai an buɗe sashe a jami'arku. Gidan rediyo da talabijin na NHK yana da darussan koyo kyauta a intanet, Gidauniyar Japan ma tana da nata. Ku haɗu ku biyar ko shida a unguwa ko a makaranta, ku sa ranar da kowa zai gama hiragana, wanda bai gama ba ya sayi shayi. Bayan wata uku za ku san waye da gaske yake, waye kuma waƙar farkon fim ce kawai ta ɗebe shi.

Maganata ta ƙarshe ga shugabannin jami'o'inmu na Arewa da gwamnonin da ke tura ɗalibai waje ce. Kano cibiyar kasuwanci ce da ke hulɗa da Sin da Dubai da Turkiyya da Indiya kowace safiya. Ba a rasa ɗakin karatu ɗaya da malami biyu da za a fara koyar da Sinanci ko Japananci da yamma, ga ɗalibai da 'yan kasuwa, a ba da takardar shaida. Ƙasashen nan da kansu suna turo malamai da littattafai in an nema a rubuce. Mu a ƙungiyance za mu rubuta wa majalisun jami'o'i uku wasiƙa a kan wannan kafin ƙarshen zangon nan, kuma duk ɗalibin da ke son sa hannu ya turo sunansa da sashensa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan takardar neman MEXT, shafi bayan shafi, musamman wurin rubuta tsarin bincike, inda yawancin masu nema ke faɗuwa.